Darasi: Wurno, Gari a Kwarin Gulbin Rima

Wanda ya bar birnin Sakkwato ya nufi arewa maso gabas, ya bi ta Acida, bayan tafiyar kimanin kilomita 40 zai iske Wurno zaune a kan tudu, fadamar Gulbin Rima kuwa tana shimfiɗe a ƙarƙashinta. A yau hedikwatar ƙaramar hukuma ce, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 23 na Jihar Sakkwato, kuma yawancin mutanenta manoma ne. Baƙon da bai san tarihi ba zai iya wucewa ya ce ya ga gari irin sauran garuruwa. Amma akwai zamanin da sarakunan Kano, Katsina, Zazzau da Bauci suke aiko da gaisuwa nan, domin nan Sarkin Musulmi yake zaune.

A wannan darasi za mu bi sawun abu uku: ƙasar da garin yake kai, dalilin kafa shi a wurin, da yawan mutanen da ke cin abinci daga wannan ƙasa. Kowa a ajin nan yana da garinsu. Ku riƙa auna abin da kuke karantawa da abin da kuka sani a gida, domin tambayoyin da za mu yi wa Wurno su ne za ku yi wa naku garin.

Gulbi da ƙasarsa

Kwari shi ne ƙasa mai gangare tsakanin tuddai, inda ruwa yake taruwa ya bi. Gulbin Rima ba daga wuri ɗaya yake fitowa ba. Ruwan Bunsuru da na Gagare suna gangarowa daga ƙasashen Katsina da Zamfara, Gulbin Maraɗi kuma yana tasowa daga Katsina, ya shiga Jamhuriyar Nijar, ya ratsa ta Maraɗi, sannan ya komo Nijeriya. Bayan sun haɗu sai gulbin ya miƙe kudu maso yamma, ya wuce Goronyo, ya wuce Wurno, ya sadu da Gulbin Sakkwato kusa da birni. Daga nan ruwan ya bi ta Argungu da Birnin Kebbi har ya faɗa Kwara. Saboda haka ruwan da manomin Wurno yake ba albasarsa a watan Janairu, wani sashensa a kan gonakin Katsinawa ya sauka tun a watan Agusta.

Wannan yanki ba shi da wadatar ruwan sama. Abin da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuni ne da Satumba. Sauran watanni takwas rani ne: hunturu da hazonsa, sai bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Inda babu gulbi, manomi yana da zarafi ɗaya tak a shekara. In damina ta yi gardama, shi ke nan, sai wata shekarar.

Manomin kwari yana da ƙasa iri biyu. A tudu akwai jigawa, ƙasa mai rairayi da ba ta riƙe ruwa, wadda ake shuka gero, dawa, wake da gyaɗa a cikinta. A ƙasa kuma akwai fadama, baƙar laka mai nauyi, wadda ke danƙo da damina, ta tsattsage da rani. Kafin a gina madatsun ruwa, duk shekara gulbi yakan cika ya malale fadama, ya zauna makonni, sannan ya janye ya bar sabuwar laka da danshi. Wannan laka ita ce takin da ba a saya. Ana noman shinkafa a cikin ruwan, in ya ja baya a bi danshin da dankali da kayan lambu. Ko da saman ƙasa ya bushe, ruwa bai yi nisa ba, rijiyar fadama ba ta buƙatar doguwar igiya.

Ba manomi kaɗai fadama take ciyarwa ba. Masunta suna bin tafkunan da ruwa ya bari. Makiyaya suna gangaro da shanu idan ciyawar tudu ta ƙare. Masu ginin tukwane da masu yin tubali suna ɗibar yumɓu. Sai dai wurin da ke da ruwa yana da sauro, yana da ambaliya, shi ya sa tun da can mutane suke noma a ƙasa su kwana a sama. Duk wanda ya lura da garuruwan bakin Rima zai ga yawancinsu a gefen tudu suke, ba a tsakiyar fadama ba.

Abin da ya kai Bello wurin

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Alƙalawa, babban birnin Gobir, wadda ita ma a wannan kwari take can gabas, ta faɗi a 1808, aka gina Sakkwato a 1809. Shehu ya rasu a 1817, ɗansa Muhammadu Bello ya zama Sarkin Musulmi. Littattafan makaranta sukan tsaya nan kamar an gama yaƙi, alhali kuwa shekaru ashirin na mulkin Bello kusan duk a kan doki ya yi su. Gobirawan da aka ci ba su miƙa wuya ba, sun ja arewa sun sake shiri. Sarautar Katsina ta dā ta koma Maraɗi. Akwai Abzinawa daga arewa, akwai Kabawa daga yamma. Kwarin Rima kuwa shi ne hanya mafi sauƙi ga mahara daga arewa maso gabas, domin dawaki za su sami ruwa da ciyawa tun daga Gobir har ƙofar Sakkwato.

Maganin da Bello ya yi wa wannan shi ne ribaɗi, wato gari mai ganuwa a bakin iyaka, inda mayaƙa suke zaune da iyalansu, suna noma, suna karatu, suna tsaron hanya. Ya zauna a Magariya, inda Baturen Ingila Hugh Clapperton ya same shi a tafiyarsa ta biyu, kafin Clapperton ya mutu a Sakkwato a 1827. Wajen 1830 Bello ya kafa Wurno ya tare a cikinta. Ku dubi wurin da ya zaɓa: tudu mai dutse wanda mai tsaro zai tsaya a kai ya hango ƙurar dawaki tun daga nesa, ga fadama a ƙasa da za ta ciyar da mutane da dabbobi, da damina kuma ruwan da ya malale ya zama wata ganuwar.

A ganina, wanda ya ɗauki Wurno a matsayin sansanin yaƙi kawai bai fahimci Bello ba. Yawancin waɗanda suka yi jihadi tare da shi malamai ne da makiyaya, mutanen da ba su saba zama wuri ɗaya ba. Ya san ba a gina daula da mutanen da yau suna nan gobe suna can. Saboda haka ya riƙa jan hankalin Fulani makiyaya su zauna a gari, su riƙe gona, su sa 'ya'yansu karatu. A cikin littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya nuna cewa haƙƙin shugaba ne ya kula da manoma, maƙera, maɗinka, marina, mahauta da masu magani, ya gina garuruwa, ya gyara kasuwanni da hanyoyi. Wurno ita ce inda ya gwada wannan shawara da hannunsa. Irin wannan tsari aka bi a Raba, Isa, Cimmola, daga baya kuma Gwadabawa, inda aka ɗora 'ya'ya da jikokin gidan Shehu su riƙe iyaka.

Akwai kuma abin da bai kamata darasi ya ɓoye ba. Ba duk wanda ya zauna a ribaɗi ne ya zo da ƙafarsa ba. Garuruwan wancan zamani sun cika har da bayin da aka kamo a yaƙi, kuma gumin waɗannan bayi yana cikin abin da ya gina ganuwa ya nome gandayen sarakuna. Jikokinsu da jikokin malamai da na mayaƙa yau duk 'yan gari ɗaya ne, masallaci ɗaya, kasuwa ɗaya. Tarihin gari nasu ne su duka.

A 1836 Bello ya yi babbar nasara a kan haɗin gwiwar Gobirawa, Katsinawan Maraɗi da Abzinawa a yaƙin Gawakuke. Bai daɗe bayan haka ba, ya rasu a Wurno a 1837, aka binne shi a can. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u ta yi masa marsiyya. Hubbarensa yana nan har gobe, mutane suna zuwa ziyara.

Lokacin da fada take Wurno

Bayan Bello, sarauta ta riƙa yawo tsakanin gidansa da gidan ƙanensa Abubakar Atiku, mazaunin Sarkin Musulmi ma yana sauyawa. Atiku ya zauna Sakkwato. Aliyu Babba ɗan Bello, wanda ya yi mulki daga 1842 zuwa 1859, ya komo Wurno, a nan ma aka binne shi. Ahmadu ɗan Atiku ya zaɓi Cimmola. Umaru ɗan Aliyu Babba, daga 1881 zuwa 1891, ya sake mayar da fada Wurno, Abdurrahman wanda ake yi wa laƙabi da Ɗanyen Kasko shi ma ya zauna a can kafin rasuwarsa a 1902. Sakkwato ta ci gaba da zama birnin Shehu, mai babbar kasuwa da manyan malamai, amma shekaru masu yawa a Wurno ake yanke shawarar daula.

Ku yi tunanin abin da zaman fada yake jawo wa ƙaramin gari. Waziri da alƙalai da 'yan majalisa sai sun yi gidaje. Manzannin sarakuna suna isowa da dawaki, tufafi da kuɗin wuri, kuma dole a sauke su a ciyar da su. Dukawa, maƙera da marina suna samun ciniki. Mai ciyawa ma yana sayar da ciyawarsa.

Baƙin Turai ma nan suka riƙa nufa. Bajamushe Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim a ƙasar Hausa, ya zauna makonni a Wurno a 1853 zamanin Aliyu Babba, ya sake biyowa a 1854 a hanyarsa ta dawowa daga Tambutu. Cikin abubuwan da suka ja masa hankali akwai yadda mutanen garin suke zaune cikin fargabar harin Gobirawa, duk da cewa Sarkin Musulmi yana tsakaninsu. A 1885 Joseph Thomson ya zo wa Sarkin Musulmi Umaru da takardar yarjejeniya a madadin wani kamfanin Ingila, wanda shekara guda bayan haka ya zama Royal Niger Company. Kamfanin ya yi ta dogara da wannan takarda yana cewa an ba shi iko a bakin Kwara da Binuwai, fassarar da Sakkwato ba ta yarda da ita ba.

Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli na shekarar. Sabbin masu mulki suka kafa ofisoshinsu a Sakkwato, fada ta tabbata a can. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta bar Maraɗi da Tsibiri ta Gobirawa a wancan gefe, hare-hare suka tsaya, ganuwa ta rasa aikin yi. Wurno ta zama gunduma ƙarƙashin hakimi, mai sarautar Sarkin Sudan. Cikin waɗanda suka riƙe wannan sarauta a zamaninmu akwai marigayi Alhaji Shehu Malami, wanda ya yi jakadancin Nijeriya a Afirka ta Kudu. Fada ta tashi, fatake sun bi ta, abin da ya rage wa garin shi ne fadama.

Ruwa ya koma hannun mutum

Babban sauyin da kwarin ya gani bayan zuwan Turawa shi ne madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a saman Wurno. An gina ta don ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942, a riƙa sakinsa da rani domin ban-ruwa da kuma ruwan sha na Sakkwato. Kusa da Wurno kuma akwai ƙaramar madatsa ta Lugu, da filin noman rani da aka yi wa magudanai.

Amfanin ba ya ɓuya. Gulbin da dā yakan ƙafe ya bar rairayi, yanzu ana iya samun ruwa a cikinsa da tsakiyar rani. Daga shekarun 1980 zuwa 1990 ƙananan injinan ban-ruwa suka yaɗu, suka kori jigo, wato doguwar sandar nan mai guga a baki ɗaya da nauyin laka a ɗaya bakin, wadda mutum zai wuni yana ja bai shayar da abin da inji zai shayar cikin sa'a guda ba. Shinkafa, alkama, albasa, tumatir, tattasai, da tafarnuwar da Wurno ta yi suna da ita, duk suna fita daga nan zuwa kasuwannin nesa.

Ku je fadama da sassafe a watan Disamba. An yanka gona fangali-fangali, kowanne da ɗan bakinsa. Inji yana ƙara a bakin rijiya, ruwa yana bin ƙaramar hanya, yaro riƙe da fartanya yana buɗe wa wannan fangali, in ya sha ya toshe da laka ya buɗe wa na gaba. Ƙafarsa a cikin ruwan sanyi, hazo ya rufe tudu. Wata uku zuwa huɗu ana wannan kafin a cire albasa, kuma ranar da aka cire, kowa ma ya cire tasa, farashi ya faɗi warwas. Mai hali yakan zuba tasa a rudu, rumfar kara da ciyawa mai shan iska, ya jira ta yi tsada da damina, ko da yake wani kaso zai ruɓe kafin lokacin. Wanda ya ci bashin taki da mai ba shi da wannan zaɓi, a bakin gona zai sayar. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin shayar da gona ya zama abin da ke hana ƙaramin manomi barci.

Madatsa tana da nata haraji. Lakar da gulbi yake rabawa kyauta a dā, yanzu da yawanta a bayan madatsa take kwanciya, tana cike wurin ruwa, manomi kuma yana sayen takin zamani. Lokacin zuwan ruwa ya daina bin sama kaɗai, ya koma bin shawarar masu buɗe ƙofa. A watan Satumba na 2010 ruwa ya fi ƙarfin madatsar Goronyo, ambaliya ta share ƙauyuka da gonaki a kwarin, har ta yanke hanyar da ke zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Madatsar Lugu ma ambaliya ta taɓa lalata ta, manoman da suka dogara da ita suka daɗe suna jiran gyara. Ga kuma fili: duk inda lambu ya ci, nan ne makiyayi yake sauke shanunsa da rani a dā. Idan aka nome burtali, an shuka rigima tare da albasar.

Mutum nawa ne?

Ƙidayar jama'a ta 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Wurno mutum dubu 162 da 'yan ɗaruruwa, a ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 685. A nan sai an yi hattara, domin mutane da yawa suna ruɗewa. Wannan adadi ba na garin Wurno kaɗai ba ne. Ya haɗa da Acida mai babbar kasuwar dabbobi, da Dinawa, Kwargaba, Dimbiso, Alkammu, Marnona da sauran ƙauyuka. Garin kansa wani yanki ne kawai na wannan jimla. Ƙaramar hukumar tana maƙwabtaka da Goronyo, Raba, Kware da Gwadabawa.

Ku ɗauki alƙalami mu yi lissafi tare. Idan aka raba 162,000 da 685, za a sami kusan mutum 237 a kowane murabba'in kilomita. Murabba'in kilomita ɗaya hekta 100 ne, ke nan ƙasar duka hekta 68,500 ce. Raba wannan ga mutanen, kowa bai sami rabin hekta ba, kuma a cikin rabon nan har da duwatsu, hanyoyi, gidaje, maƙabartu da gadon gulbi. Wannan lissafin 2006 ne, ita ce kuwa ƙidaya ta ƙarshe da aka yi a Nijeriya, domin wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Jama'ar da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara tana ninkawa cikin kimanin shekara 24. Jariran da aka ƙidaya a goye a wancan lokaci yau wasunsu suna da nasu 'ya'yan, fadama kuwa ko taki ɗaya ba ta ƙaru ba. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, an raba wa 'ya'ya, an sake raba wa jikoki.

Mutanen Wurno Hausawa ne da Fulani, Musulmi, kuma zama tare da auratayya sun sa Hausa, da karin harshen Sakkwatawa, ta zama harshen gida har ga zuriyar waɗanda suka zo da Fulatanci. Yawansu kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya a cikin shekara. Da an gama girbi samari da yawa sukan tafi ci-rani, al'adar da ta daɗe a ƙasar Sakkwato, su komo da faɗuwar ruwa. Wanda yake da fangali a fadama bai cika tafiya ba, yana da aikin da zai riƙe shi a gida. Ranar kasuwa garin kan cika ya batse, washegari ya koma yadda yake. Mai ƙidayar da ya zo a watan Maris da wanda ya zo a watan Agusta ba za su sami amsa ɗaya ba.

A 'yan shekarun nan wani abu ya ƙaru a kan wannan. Hare-haren 'yan bindiga a gabashin Jihar Sakkwato, daga Isa da Sabon Birni zuwa Goronyo da Raba, sun taɓa ƙauyukan Wurno ma. Mutanen ƙananan ƙauyuka suna kwasar abin da za su iya ɗauka su koma manyan garuruwa wurin 'yan'uwa, gonakin nesa suna zama saura. Gari yana ƙara cika, abincin da ke shigo masa yana raguwa, ajin makaranta da ɗakin asibitin da aka gina don mutanen 2006 su ne ke ɗaukar kowa. Waɗannan mutane ba su cikin kowace takardar ƙidaya, amma suna shan ruwa daga rijiyoyin garin, 'ya'yansu kuma suna buƙatar allura da allo.

Aikin mako

Kafin haɗuwa ta gaba, kowa ya nemi dattijo ko dattijuwa a unguwarsu ya tambaya wa ya kafa garin, daga ina ya zo, kuma me ya sa ya tsaya a nan bai wuce gaba ba. Kada ku tsaya ga maza kawai, tsofaffin mata sun fi riƙe wa ya auri wa da kuma shekarar da aka yi yunwa. Sannan ku zana garin a takarda, ku nuna inda ruwa yake bi da damina, inda ake noman tudu, inda ake lambu, da hanyar da shanu suke bi. Ku ƙidaya mutanen gidanku da suka kwana a gida daren jiya, ku rubuta daban waɗanda suke ci-rani da baƙin da suka zo zama. Za mu tara alƙaluman a allo, mu raba su da yawan gonakin da kowane gida yake nomawa.